Wasiƙa daga Houston: zancen sandar fatsar da ka ce in nemo maka

Yaya, gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, da Inna da iyali baki ɗaya. Mu ma nan lafiya lau, sai dai zafin Houston mai haɗe da laimar teku, wanda ko ɗan Yauri sai ya ji shi a jikinsa.

Na ga saƙonka game da sandar fatsar da ka gani a hannuna cikin hoto, da cewar da ka yi in nemo maka irinta ko da mai rangwame ce. Zan aiko in sha Allahu. Amma bari in warware maka yadda cinikinta yake a nan, domin abin da mutum ke biya a kantin Amurka ba sandar kaɗai ba ne, akwai alkawarin da ke bayanta, kuma wannan alkawari ba ya haye teku ya iso Kebbi.

Da farko, wannan fatsa ba irin tamu ba ce. Babu tana, babu dalma a jikin igiya, babu abin da kifi zai ci ya ƙoshi. Ƙugiya ce ake ɗaure mata gashin tsuntsu da gashin wutsiyar barewa har ta yi kama da ƙaramin kifi, ko jatan lande, ko ƙaguwa. Tun da ba ta da nauyin da za a jefa, igiyar ce ake yi wa nauyi, a lulluɓe ta da roba, mutum ya riƙa kaɗa ta gaba da baya a iska kamar bulalar makiyayi har ta miƙe ta kai ƙugiyar inda yake so. Shi ya sa lambar da za ka gani a jikin sanda ba nauyin sandar take nufi ba, nauyin igiyar da ta dace da ita ne. Masu ƙera kayan sun daidaita wannan ma'auni tun farkon shekarun 1960: ana auna ƙafa 30 na farkon igiya, lamba 5 ta zo kusan giram 9, lamba 8 giram 13 da rabi da 'yar ɗoriya, lamba 12 kuma kusan giram 25. Lamba 5 ta ƙananan rafuka ce. A gaɓar tekun Texas, daga Galveston zuwa Rockport har Laguna Madre, kusan kowa lamba 8 yake riƙewa, mai tsawon ƙafa 9, mai gaɓa huɗu da ake harhaɗawa. Ba girman kifin ne kawai ya sa haka ba. Iskar teku ce, wadda ke tashi da hantsi ta wuni tana bugawa, igiya marar nauyi kuwa sai ta dawo maka a fuska.

To sai kuɗi. Sandunan da ake ji da su, irin na Sage da ake ƙerawa a tsibirin Bainbridge kusa da Seattle, da na Winston a Montana, da na Scott a Colorado, da manyan na Orvis, sun kai dala 1,000, wasu ma sun haura. A ƙasansu akwai na dala 200 zuwa 300, irin na Temple Fork Outfitters, kamfanin Dallas da ake ƙera masa sanduna a Koriya ta Kudu, da na Redington da Echo. Kuma ka sani kuɗin da aka rubuta a jikin kaya ba shi za ka biya ba. Sai ka zo wajen biya a ɗora maka harajin ciniki, wanda a Houston kashi 8.25 ne cikin 100.

A nan babu tayi, babu albarka. Ba ka cewa mai kanti ya rage maka don kun saba. Ragi lokaci gare shi, mai haƙuri ne ke cin moriyarsa. Duk bayan 'yan shekaru kamfani zai fito da sabon samfuri, ya sauya masa suna da launi, sai kantuna su shiga neman hanyar rabuwa da tsohon da ya rage musu. A nan ne za ka ga sandar da jiya ake yi wa kirari an zabtare mata kashi 30 ko 40 cikin 100, sabuwa fil, cikin kwanonta, wato bututun da ake ajiye ta. Sai kuma Juma'ar da ke bin bikin godiyarsu na Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, ranar da kusan kowane kanti ke karya farashi. Ra'ayina, tsohon samfurin da aka daina yi shi ne ciniki mafi kyau a wannan harka. Bambancinsa da sabon, sai hannun da ya shekara da shekaru yana jifa ne zai iya ji, kifin kuwa bai san shekarar da aka ƙera sanda ba.

Amma rangwame iri-iri ne. Akwai na hannu da ake sayarwa a eBay da Facebook, mai araha sosai, sai dai garantin yawancin kamfanoni na wanda ya fara saye ne kaɗai, ba ya bin sanda zuwa hannu na biyu. Ga kuma wata illa da ido ba ya gani: in ƙugiya mai nauyi ta taɓa dukan jikin sandar lokacin jifa, takan bar tsaga ƙarama a ciki, sandar ta yi ta aiki lafiya, sai ranar da babban kifi ya ja ta karye. Akwai kuma shafukan intanet na 'yan damfara da ke ɗauko hoton kamfani na gaskiya su rubuta farashin da hankali ba zai ɗauka ba. Wanda ya ce zai ba ka sandar dala 1,000 a kan dala 80, to kuɗinka yake so, ba ciniki ba. Ko a tsohon samfuri sabo ma, yana da kyau mutum ya tambayi kuɗin gyara, domin wasu kamfanoni na ƙara shi gwargwadon tsufan samfurin.

Garantin nan shi ne abin da ya fi ɗaure mini kai da na zo. Orvis, wanda aka kafa a Vermont tun 1856, yana ba da alkawarin shekara 25 a kan yawancin sandunansa: ko ƙofar mota ce ta datse ta, ka biya kuɗin hidima kaɗan a gyara ko a sauya gaɓar da ta karye. Wasu kamfanonin ma iya rayuwar mai saye suke cewa. Ka tuna yadda muke sayen koma ko ƙugiya a kasuwa: da zarar ka bar rumfa, magana ta ƙare, in ta tsinke gobe rabonka ne. A ƙananan kantunan kayan fatsa na nan, mai kanti zai ɗauko sanduna uku ko huɗu, ya sa musu igiya, ya fita da kai filin ciyawa ko wajen ajiye motoci ka jejjefa, ba tare da ka biya ko sisi ba. Wani ma zai faɗa maka gaskiya cewa mai arahar ta fi dacewa da hannunka. Wannan gwaji ya fi duk wani rangwamen intanet daraja, saboda sandunan ruwan gishiri da yawa masu tauri ne, sai a can kai suke lanƙwasa, kuma sabon shiga ba ya jin lokacin da igiya ta miƙe a bayansa. Mai ɗan laushi ta fi koyar da mutum.

Kada ka ɗauka komai nasu ya fi namu. A gida abu ya lalace da safe, kafin azahar wani mai hikima a bakin kasuwa ya ɗaure shi ya koma aiki, kuɗin kuma ba ya kai ya kawo. A nan sai ka naɗe sandar ka kai gidan waya, ka zauna jiran makonni, wani lokaci damina ta wuce ba ta dawo ba. Aikin hannu tsada gare shi ƙwarai. Mai kwalekwalen da zai tura ka cikin fadamar teku ya nuna maka kifi, wuni ɗaya sai ya karɓi ɗaruruwan daloli, aikin da Baba, Allah ya jiƙansa, ya yi wa baƙi iyakar rayuwarsa don a gaisa kawai.

Kuskuren da masu sabon shiga suka fi yi shi ne zuba duk kuɗinsu a sanda su tsuke hannu a sauran kaya. Gishiri ba ya cin sanda kamar yadda yake cin manaɗin igiya, wato abin da ake naɗe igiyar a jikinsa. Manaɗin ruwan teku sai na alminiyam da aka sassaƙa daga dunƙule aka yi masa rufin kariya, mai birki a rufe ruf don yashi da gishiri kada su shiga, wanda zai ɗauki zaren ajiya yadi 200 a ƙarƙashin igiyar. Manyansu, irin Tibor da wani ɗan gudun hijira daga Hungary mai suna Ted Juracsik ya kafa, da Nautilus na Miami, tsadarsu ta kusa ta sanda, amma akwai masu sauƙi da ke aikin. Ko wanne mutum ya saya, in ya dawo sai ya wanke shi da ruwan famfo. Ita kuwa igiya, wadda mai kyau ta kai dala 100, a nan ne ban yarda a nemi araha ba. Akwai ta ƙasar sanyi, akwai ta ƙasar zafi. In ka kawo ta sanyi cikin ranar Texas sai ta yi laushi ta riƙa manne wa zobban sanda, jifa ya gagara. Sau da yawa igiyar da ake karya wa farashi irin wadda ba ta dace da yankin ba ce, don haka sai an karanta kwalin.

Ƙugiyoyin ba sa buƙatar yawa. Guda biyu sun game duniya: wadda Bob Clouser ya ƙirƙiro a 1987 a kogin Susquehanna, mai idon dalma da ke sa ta nutse bakinta yana kallon sama, da wadda Lefty Kreh ya ɗaura don kifin mashigin tekun Chesapeake, har hukumar gidan waya ta Amurka ta sa hotonta a jikin kan sarkin wasiƙa a 1991. Sai tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, wanda in babu shi ba a ganin kifi, da takalmi mai kauri, saboda kunamar ruwa tana kwance cikin yashi a nan ma, mutum sai ya riƙa jan ƙafa maimakon ɗagawa.

Kifin da ake wannan wahala dominsa ja ne, mai baƙin ɗigo a gindin wutsiya, suna kiransa redfish. Yana shigowa ruwa iya ƙauri yana tonon ƙaguwa, wutsiyarsa a waje. Kafin ka jefa masa sai da lasisi daga hukumar kula da gandun daji da namun dawa ta Texas, kuma doka ta ce uku kawai za ka ɗauka a rana, masu tsawon inci 20 zuwa 28. Ƙarami ka mayar, wanda ya wuce haka ma ka mayar, sai in kana da tambarin da ke zuwa da lasisin. Tun 1950 gwamnatin tarayyar Amurka ke karɓar haraji na musamman a kan kayan fatsa tana mayar wa jihohi don kula da ruwa, kuma a garin Lake Jackson na Texas akwai gidan ƙyanƙyasar da ke zuba 'ya'yan wannan kifi cikin teku. Tsarin ya tuna mini da Matan Fada a Argungu, inda ake hana su har sai ranar biki, shi ya sa ake fito da giwan ruwan da mutum ɗaya ba ya iya ɗauka. Sai dai akwai abin da ke ci mini rai a labarin. A 1981 Texas ta haramta sayar da wannan kifi in daga teku aka kamo shi, daga baya kuma aka hana kalli, wato ragar da ake shimfiɗa wa kifi, a ruwan gishirinta gaba ɗaya. Kifi ya dawo, wannan gaskiya ne. Amma masuntan da ke ci da iyali da raga, irinmu ke nan, su ne aka tayar daga sana'ar kakanninsu, ruwan ya koma hannun masu fatsar nishaɗi. Duk lokacin da na ji ana yabon dokar, ina tuna wannan ɓangaren.

Yanzu ga maganar amfaninta a wajenka. Wannan sanda ba za ta ciyar da gida ba, Yaya, mamari ɗaya ya fi ta kawo kifi. Amma tana kama namu. Tsage na kai wa irin wannan ƙugiya hari da ƙarfi, sai dai a sa mata 'yar waya a gaba saboda haƙoransa. A kogin Faro na Kamaru baƙi na zuwa daga ƙasashe masu nisa, su biya kuɗi mai yawa don su kama giwan ruwa da dare da sanda lamba 12, su auna shi su sake shi. Wannan ya nuna kifin kogunanmu yana da wata kasuwa da ba ta banda ba, in akwai wanda ya iya jifan kuma ya san ruwa. Sanin ruwa kuwa kana da shi.

Don haka ba mai tsada zan saya maka ba, tun da kuɗin aiko ta gyara daga Yauri zai fi kuɗin gaɓar da ta karye. Zan jira ragin Nuwamba in ɗauki matsakaiciya lamba 9, in sayi ƙarin gaɓar kai tun daga nan domin ita ce ke saurin karyewa, da igiyar ƙasar zafi guda biyu, da waya, da tabarau. Kwanonta bai wuce inci 30 da kaɗan ba, zai shiga babban akwati. Sauran kuɗin rigunan ceto zan saya da shi. A Texas doka ce kowane jirgin ruwa ya ɗauki riga ɗaya ga kowane mutum, yaro ƙasa da shekara 13 kuma dole ya sa tasa muddin jirgin da bai kai ƙafa 26 ba na tafiya, kuma tun hatsarin jirgin Warrah na 2021 zancen bai fita raina ba. Ka turo mini shekarun yaran da ke shiga jirgi tare da kai da kimanin nauyin kowannensu, domin da nauyi ake zaɓar rigar yara. Ka gaishe mini da Inna da kyau, ka ce mata maganin ƙafarta yana cikin kayan da za su zo tare da sandar.