Windows na gwaji: a cikin VM ko a kan faifai na daban?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce kana son ganin Windows ɗin da ke tafe tun kafin a sake shi ga kowa, amma laftof ɗinka guda ɗaya ce, RAM ɗinta gigabait 16, kuma da ita kake aikin yau da kullum. Ka sa shi cikin VM, wato kwamfutar kwaikwayo da ke gudana a cikin taka, ko ka yanka masa wani ɓangare na faifai ya zauna kusa da wanda kake amfani da shi?

Akwai hanya ta uku da ba ka ambata ba, ita ce kuma ta fi jan mutane: a yi rajista da shirin Windows Insider, a bar na gwajin ya hau kan wanda ake aiki da shi. Wannan ka ƙyale ta. Shiga ba wuya, fitar ce aiki. Windows na ba ka kwana 10 ka koma tsohon, in suka wuce sai ya share shi. Shirin ya fara ne a 2014 da gwajin Windows 10, a 2023 kuma aka ƙara tashar Canary, wato matakin gwaji na farko-farko, a kan tashoshin Dev da Beta da Release Preview. Wanda ya shiga Canary yana kan lambar gini da ta wuce ta kowa, Windows kuwa ba ya sauka daga babbar lamba zuwa ƙarama, don haka hanyar dawowa ita ce goge komai a girka sabo.

To, sauran biyun.

Abin da ya sa nake son VM shi ne duk ɓarnar da na gwajin zai yi, a cikin fayil guda zai yi ta. Faifan da yake gani ba naka ba ne, fayil ne da aka yi masa kamar faifai. Kafin kowace sabuntawa za ka iya ɗaukar hoton halin da yake ciki, in ta zo da matsala ka mayar da shi yadda yake cikin ɗan lokaci. In ka gaji da shi ka goge fayil ɗin, shi ke nan. VirtualBox kyauta ne, kuma tun siga ta 7.0 da ta fito a 2022 yana iya kwaikwayon TPM 2.0 da Secure Boot, abubuwan tsaro da Windows 11 ke nema kafin ya yarda ya hau. VMware Workstation Pro ma ya zama kyauta a 2024. In Windows ɗinka Pro ne, Hyper-V, manhajar VM ta Microsoft, na ciki sai dai ka kunna shi, amma babu shi a Home. Abu ɗaya za ka duba a BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi: a kunna abin da ke ba VM damar gudana, VT-x in Intel ce, ko AMD-V in AMD ce. Da gigabait 16 ɗinka, ka ba shi 6 ko 8 ka bar wa kanka sauran. Mai gigabait 8 zai sha wahala a nan, domin Windows 11 kaɗai na buƙatar 4 a ƙalla, kuma Windows ɗinka na ainihi ma yana son nasa.

Sai dai akwai abin da VM ba zai taɓa nuna maka ba, kuma a nan ne mutane ke ruɗar kansu. Na gwajin ba ya ganin kayan laftof ɗinka na gaske. Wi-Fi ɗinka yana zuwa masa ne kamar wayar intanet da aka jona. Katin hoton da yake gani na kwaikwayo ne. Ba zai gaya maka ko sabon Windows na shanye batir ba, ko fanka za ta riƙa ihu, ko laftof za ta farka lafiya bayan an rufe murfinta, ko na'urar karanta yatsa za ta ci gaba da aiki. Matsalolin da suka fi damun mutane a sabuwar siga kuwa galibi na direbobi ne, wato 'yan manhajojin da ke haɗa Windows da kayan ƙarfe. Mutum zai yi wata guda yana gwaji a VM komai lafiya, ranar da ya ɗora a kan ainihin kwamfuta sai sauti ya ɗauke. Haka kuma in ka ga yana jan ƙafa a VM, kada ka yanke masa hukunci, nauyin kwaikwayon ne ke ciki.

Girka shi a kan faifai na gaske yana amsa duk waɗannan. Gani ya kori ji: gudunsa na gaske za ka gani, da batir, da firinta, da wasanni in kana yi. Akwai kuma ribar lasisi. VM sabuwar kwamfuta ce a idon Windows, lasisin laftof ɗinka ba ya bin ta, amma a kan ƙarfen gaske, in ka girka iri ɗaya da naka, Home a kan Home ko Pro a kan Pro, yawanci yakan kunna kansa. Rahoton da za ka aika wa Microsoft ta manhajar Feedback Hub ma ya fi amfani, domin injiniyoyin ba su rasa VM ba, abin da ba su da shi shi ne irin laftof ɗinka da irin firintarka.

Farashinsa shi ne ka cire katangar da ke tsakaninsa da kayanka. Ɓangare biyu na faifai ɗaya maƙwabta ne da babu katanga a tsakaninsu, na gwajin na iya kai hannu ga fayilolinka. A watan Oktoba na 2018 Microsoft ta saki sabuntawar Windows 10 mai lamba 1809, cikin 'yan kwanaki ta dakatar da ita saboda ta goge wa wasu fayilolinsu, sai a Nuwamba ta sake fitar da ita. Wannan fa wadda aka ce ta gama gwaji ce. A 2008 kuma wata sigar gwaji ta ƙwayar Linux, wato zuciyar tsarin, mai lamba 2.6.27, ta lalata ƙwaƙwalwar wasu katunan sadarwa na Intel, ɓarnar da sake girka manhaja ba ta gyarawa. Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba, amma a VM ba shi da hanyar kai wa ga ƙarfenka.

Wanda ya fi faruwa ma ba laifin manhajar ba ne, kuskuren hannu ne: a wajen girkawa mutum ya zaɓi ɓangaren da ba shi ba ya goge. Sai kuma BitLocker, makullin faifai na Windows. Sabbin laftof da yawa suna zuwa da faifai a kulle ba tare da mai su ya lura ba, in aka taɓa tsarin tashin kwamfuta sai ta nemi mabuɗin ceto mai lamba 48. Ka nemo naka a asusunka na Microsoft ka rubuta a takarda tun kafin ka fara. Don haka in har za ka bi wannan hanya, na fi so ka samu faifan SSD na biyu, ka cire na aikinka lokacin girkawa in laftof ɗin ta yarda. Kwafin fayilolinka kuma ya kasance a wani wuri da ba ya jone da kwamfutar.

Masu Mac da Linux sun fi samun sauƙi a nan. A Mac ana ƙara wani kundi na APFS, tsarin faifan Mac, a girka macOS na gwaji a ciki, Ubuntu da Fedora, nau'o'in Linux, kuma ana tayar da su daga filas a ga yadda suke da kayan ƙarfe ba tare da an girka komai ba.

A halin da kake ciki, VM na zaɓa maka. Abin da ka ce kana so shi ne ganin sabbin abubuwa da tabbatar da cewa manhajojin aikinka za su buɗe, VM ya isar maka wannan. Faifai na daban na mai tambayar ƙarfe ne, ko wanda ke da kwamfuta ta biyu da ba abin da zai tsaya in ta ƙi tashi da safe.

Duk wadda ka bi, ka san cewa shirin Windows Insider, wanda ta nan ake samun na gwajin, na buƙatar ka kunna aika ƙarin bayanan yadda kwamfutar ke aiki zuwa Microsoft, don haka kada ka zuba sirrin aiki ko na banki a ciki. Sabuntawa na zuwa a kai a kai a Canary da Dev, wasu masu gigabait da yawa, ka lissafa da datarka. Kuma ginin farko-farko na da ranar ƙarewa. Rubuta winver a wurin bincike za ka ga ranar in akwai, ka sabunta kafin ta zo, musamman in VM ɗin ya daɗe a kashe.