Spiral na gaskiya ko mai haƙoran mataji: wanne za a ɗaure maka kundi da shi?

Ƙanena, tunda mai shagon ya ajiye maka ɗauri iri biyu kuma duka ya kira su spiral, har ka shiga tambayar ma'anar kalmar, to ga amsa tun daga farko: ɗauki mai siririyar igiyar roba ɗin nan da ta yi ta zagaye tana ratsa ƙananan huji daga saman takarda har ƙasa ba tare da ta yanke ba. Shi ne mai sunan. Ɗayan, mai faffaɗan baya da haƙora kamar mataji, aron suna ya yi, kuma in ka fahimci kalmar ba wanda zai sake haɗa maka su.

Ka taɓa zama kusa da mai saƙar faifai? Daga cibiya take farawa, ta yi ta kewayawa, kowane zagaye ya fi na baya faɗi, har faifan ya kai girman da take so. Ba ta yanke ta sake sabon da'ira, layi ɗaya ne yake ta buɗewa. To wannan siffar ita Bature yake kira spiral, ana furta ta kamar "sifairal". Igiyar leko da muke kunna wa sauro ita ma haka take, haka bayan katantanwa. Kalmar ta shiga Turanci ne a ƙarni na 16, asalinta daga Latin, inda spira take nufin abin da aka naɗe, shi kuma Latin daga Girkanci ya samo ta. Abin riƙewa shi ne layi guda, mai zagaye, wanda ba ya komawa daidai inda ya taso. Da'ira tana rufewa, spiral ba ya rufewa.

Yanzu ka ɗauki ɗaurin mataji ka duba. Zobba ne daban-daban a jere, kowanne zaman kansa yake yi, a manne da baya guda. A takardar A4 huji 21 ake yi masa, masu kusurwa huɗu. Ina layi ɗaya mai zagaye a nan? Babu. Shi kuwa na gaskiyar hujinsa ƙanana ne kuma zagayayyu, galibi huɗu a kowane inci, sun haura 40 a tsawon takardar, igiyar kuma guda ce tak, murza ta ake yi ta shige kamar yadda ake ɗaura noti.

Ni da shi na ɗaure takardun darasina tun shekarar da na fara koyarwa, kuma har yau suna cikin jakata. Littafin nan ya sha wuya. Ya hau acaɓa, ya kwana a ƙarƙashin kujerar mota, ruwan sama ya taɓa kama mu tare da shi, ƙaramar 'yata ta taɓa mayar da shi abin zama. Bangon ya koɗe, gefen takardun ya yi baƙi saboda hannu, amma ko shafi ɗaya bai fita ba. Wata rana buhun shinkafa ya danne shi a bayan mota, igiyar ta lotse, na ce shi ke nan. Kafin in gama sauke kaya ta miƙe ta koma yadda take. Abin da ya fi ɗaure ni da shi ma ba ƙarkon ba ne. Ana iya naɗe shi gaba ɗaya, bangon gaba ya koma ya haɗu da na baya, ka riƙe shi da hannu ɗaya kana rubutu a allo da ɗayan. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban malamai yana kare kundinsa, hannu na rawa, ya san amfanin littafin da zai tsaya a shafin da ka buɗe ba ya rufe kansa.

Mai matajin, don kar in zalunce shi, yana da abu ɗaya: ana iya buɗe haƙoran da inji a ƙara shafi ko a cire. Shi ke nan alherinsa. Sau ɗaya na saya, zafi ya busar da robar, haƙora uku suka karye, na tsinci shafukana a ƙasa ina jera su da lamba.

Wani zai ce ai malamin da ke duba aikinka zai yi ta gyara, gara wanda ake buɗewa. To in gyara ya yi yawa ai sake bugawa za ka yi gaba ɗaya, domin lambobin shafi duk sun goce. In kuma shafi ɗaya ne, ana yanke lanƙwasar bakin igiyar a murzo ta waje a sa sabuwa, ba wani aiki ba ne. Sai dai ka tambayi sashenku tukuna, domin kwafin ƙarshe da ake ajiyewa a laburare yawanci bango mai tauri ake nema, wannan ɗaurin na karewa ne da na amfanin kanka.

Akwai wani abin dariya a nan. In ka kai wa malamin lissafi wannan igiyar ka ce spiral ce, zai iya girgiza kai. A wurinsu spiral shi ne shimfiɗaɗɗe irin na faifai, wanda yake ƙara faɗi, irin wanda Arkimidis na Girka ya yi nazari a kai tun kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Wanda yake zagaye yana hawa sama ba ya ƙara faɗi, kamar sifirin, helix suke ce masa. Amma Turawan da kansu ba su bi wannan ƙa'ida a maganar yau da kullum ba. Matakalar bene mai zagaye spiral staircase suke ce mata, alhali a lissafi helix ce. Saboda haka kar ka je ka yi wa mai shago gyaran Turanci da wannan. In kana son ganin siffar a gini, nemi hoton hasumiyar Malwiya ta babban masallacin Samarra a Iraƙi, wadda aka gina zamanin Halifa Mutawakkil a ƙarni na 9. Tsawonta mita 52, hanyar hawanta ta waje take kewaye ta, tana tsukewa har ƙololuwa. Masana taurari ma da kalmar suke siffanta tarin taurarin da ranarmu take ciki, saboda hannayensa a murɗe suke.

Inda za ka fi cin karo da kalmar kuwa ba a shagon ɗaurin littafi ba ne, a jarida ne, kuma a can ba ta cika zuwa da labari mai daɗi ba. Tana zama suna, tana zama siffa, tana zama aikatau. In ka ga an rubuta prices are spiralling, ana nufin farashi yana ta hauhawa ba ƙaƙƙautawa. Downward spiral kuma halin da mutum ko kasuwa ke shiga, kowace matsala ta haifo wadda ta fi ta: ya ci bashi don ya biya bashi, kuɗin ruwa ya ƙaru, ya sake cin wani. Masana tattalin arziki suna da wage-price spiral, wato kaya su yi tsada, ma'aikata su nemi ƙarin albashi, masu kaya su sake ƙara kuɗi, a yi ta zagaye ana hawa. In rikici ya fi ƙarfin masu kashe shi sai su ce ya yi spiral out of control. Ka lura kalmar ita kaɗai ba ta faɗa maka sama aka nufa ko ƙasa, abin da ke kusa da ita ne zai nuna. Wurin rubutu kuma, 'yan Ingila suna ninka harafin l, spiralled da spiralling, Amurkawa guda ɗaya suke sawa. Makarantunmu tsarin Ingila suke bi, sai ka ninka.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da wasu masu shagunan bakin makaranta, musamman lokacin da ɗalibai suka yi cincirindo kowa na sauri. Na ga wanda yake karɓar kuɗin spiral ya ba da mataji, in ka yi magana ya ce ai duk sunansu ɗaya. Wani zai sa maka igiyar da ta yi wa kundin kaɗan don ita ce ta rage masa, shafukan su ƙi juyawa, hujin ya fara yagewa tun a mako na farko. Wani ba zai lanƙwasa bakin igiyar sama da ƙasa ba, kana tafiya tana warwarewa a jaka. Akwai kuma mai cusa takardu da yawa a injin huji lokaci guda, hujin ya karkace ya ci gefen rubutu, sai ka isa gida ka gani.

Kar ka bar kundin ka ce za ka dawo. Tsaya a wurin, ka ce ya nuna maka igiyar kafin ya huda komai, ka sa ya gwada hujin a takardar banza. In ya gama, naɗe littafin baya da baya a gabansa, ka juya shafukan daga farko har ƙarshe, ka taɓa bakin igiyar biyu ka ji a lanƙwashe suke, sannan ka ciro kuɗinka.