Kafin ka kashe sefa a kan manhajar XSLT

Ɗan ƙanena, wanda ke riƙe wa wasu 'yan albasa lissafi a Marwa, ya zo min da tambaya: "Baffa, wace manhaja zan saya?" Manhajar XSLT yake nufi, wato mai tace bayanai da sauya musu tsari. Bayanansa a fayil ɗin XML suke, wani tsarin adana bayanai a rubuce, kowace mota da layinta, kamar mota gari="Garoua" buhu="120". So yake ya tsamo motocin gari guda, ya bar sauran.

Umarnin kansa ba abin wahala ba ne: //mota[@gari='Garoua']. Alamar @ ita ke nuna cewa sifar da ke manne da motar ake dubawa, kuma duk wata manhajar XSLT ta san wannan tun fitowar 1.0 a 1999. Inda gizo ke saƙa shi ne rubutun mutanenmu. Wani magatakarda ya rubuta Garoua, wani GAROUA, wani Garwa. Ngaoundéré kuwa, yau da ɗigon Faransanci a kan e, gobe babu. Kwamfuta ba ta san duk gari ɗaya ba ne, sai ta zubar da rabin motocin ba tare da ta ce uffan ba. Da wannan ma'auni nake auna kowace manhaja.

Mafi sauƙi ita ce xsltproc. Kyauta ce, ba ta da nauyi, ba ta neman Java (wata manhajar da wasu manhajoji ke aiki a kanta), tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarta. Amma a 1.0 ta tsaya. In kana son ta daina bambanta manyan baƙaƙe da ƙanana, sai ka jera mata su kaf cikin umarnin translate(), rubutun suna iri-iri kuma sai ka yi ta haɗa su da kalmar or, wato "ko". Tana aiki, sai dai bayan wata biyu kai da ka rubuta ma sai ka yi ta mutsuttsuke ido.

Ni Saxon-HE na zaɓa masa. Michael Kay na Ingila ne ya ƙirƙiri Saxon, kuma wannan samfurin kyauta ne, yana gane XSLT 3.0 ta 2017. Dubi yadda matsalarmu ta koma layi guda: //mota[lower-case(@gari)=('garoua','garwa')]. Umarnin lower-case() shi ke mayar da manyan baƙaƙe ƙanana. Akwai kuma matches() don sunayen da aka rubuta yadda aka ga dama. Sharaɗinsa shi ne ka sa Java, in samfurin Java ka ɗauko. Ka sauke shi ranar da intanet ya yi kirki, daga nan ba ya ƙara neman intanet, wanda duk mai aiki a nan ya san darajar hakan.

Saxon-EE na kuɗi ne. Babban abin da ya ƙara shi ne karanta ƙaton fayil kaɗan-kaɗan ba tare da ya cika ƙwaƙwalwar kwamfuta ba. Lissafin albasa bai kai nan ba.

Wadda ke jan hankalin matasa ita ce Oxygen XML Editor, ta wani kamfani a Romaniya. Gaskiya tana da daɗin aiki: ka buga umarni, nan take ta jero maka layukan da suka dace, kuma Saxon na cikinta. Suna ba da gwajin kwana 30. Bayan nan sai biya da kuɗin waje, ka nemo mai katin banki. Ga mai koyo, kwana 30 ɗin sun isa ya gane inda yake kuskure.

Kada dai ka dogara da burauza, a 1.0 ita ma ta tsaya. In fayil ya yi girma kana yawan neman gari iri ɗaya, umarnin xsl:key na rage jira, kuma duk waɗannan manhajoji sun san shi.

Yaron ya sa Saxon-HE a daren. Da ya sake ƙirga motocin Garwa, sai ga waɗanda aka rubuta da manyan baƙaƙe sun fito, waɗanda ya kwana biyu yana zargin direbobi a kansu.