Fitilar RGB ko RGBW: Wacce Ta Fi Dacewa?

Masu shirin sayen fitilar LED mai sauya launi sun sha tambayata wacce za su zaɓa tsakanin RGB da RGBW. Ta farko tana da ƙananan ƙwayoyin haske uku, ja da kore da shuɗi, ta biyun kuma an ƙara mata ƙwayar fari.

Wajen launuka masu kauri, kusan kunnen doki suke, domin idan kowace ƙwaya tana da matakan haske 256, haɗuwar ukun tana ba da launuka sama da miliyan 16. Bambancin yana fitowa ne a farin haske. RGB tana harhaɗa shi daga launuka uku, wanda ido ke gani kamar fari ne, amma da zarar ya sauka a kan fatar mutum ko tufa mai ruwan ɗorawa, sai launin ya dusashe. Bugu da ƙari, jar ƙwaya ta fi saurin raguwa idan ta ɗauki zafi, saboda haka farin yakan karkata zuwa shuɗi-shuɗi. Ƙwayar farin RGBW kuwa shuɗiya ce da aka lulluɓe da sinadarin fosfo mai sa haskenta ya fito fari, kuma wannan farin ya fi fito da ainihin launin abubuwa, kuma a ganina wannan kaɗai ya isa dalilin ƙarin kuɗinta.

RGB ta fi araha da sauƙin haɗawa: wayoyi huɗu ne, RGBW biyar, tare da na'urar sarrafawa da ta dace da ita.

Mai neman ado kawai, kamar na dandamali ko allon talla, RGB ta wadatar da shi. Wanda fitilar za ta haskaka masa ɗakin zama ko wurin ɗaukar hoto, ya nemi RGBW.