Tsohon Jins ko Tsohuwar Fata: Wanne Za a Yanka a Ɗinka Jaka?

Mai son ɗinka jaka daga tsofaffin kaya yakan rasa na zaɓa tsakanin wandon jins da aka daina sawa da tsohuwar rigar fata. Jins ya fi sauƙin sha'ani. Auduga ce mai kauri, keken gida zai iya da ita in an sa allura mai lamba 16, kuma in ɗinki ya karkace sai a farke a sake. Sai dai a guji gwiwa da tsakanin cinyoyi, can ne zaren ya riga ya ci. Bayan ƙafa ya fi ƙwari. Bakin jins yana zarewa, dole a kalmashe shi, shuɗinsa kuma yakan shafi farar riga.

Fata kuwa ba ta yafe kuskure. Duk inda allura ta huda, hudar ta zauna daram, shi ya sa ba a soka mata fil. Amma bakinta ba ya zarewa, kuma jakarta takan daɗe. Kafin a sa almakashi, a lanƙwasa ta: in ta tsattsage, ta bushe ke nan. A kuma tabbatar ba ta roba ba ce, don irinta ɓarewa take yi.

Ɗan koyo dai, ni jins zan ce ya fara da shi.