µTorrent, qBittorrent ko eMule: wanne ya kamata ka saka?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya cewa yana son sauke manyan fayiloli, irin su Ubuntu (tsarin tafiyar da kwamfuta na kyauta) da kundin Wikipedia na Kiwix da ake karantawa ba tare da intanet ba. Wani ya ce masa ya saka µTorrent, wani ya ce qBittorrent, wani kuma ya ambaci eMule. Yana son sanin wanne ya fi, da dalilin da ya sa ake cewa wasu manhajojin ba su da adalci.

Ɗan'uwa, shawarata ita ce qBittorrent a kwamfuta, LibreTorrent a wayar Android. Ga dalilaina.

Manhaja daban, ƙa'idar da take aiki da ita daban. µTorrent da qBittorrent da Transmission da Deluge duk ƙa'ida ɗaya suke bi, wato BitTorrent, wadda Bram Cohen ya fitar a 2001. An rubuta ta a fili, duk mai iyawa zai karanta ya gina tasa manhajar. Shi ya sa mai qBittorrent a Zinder zai karɓi gutsuren fayil daga mai Transmission a Jamus ba tare da wata matsala ba. Ita kuwa eMule, wadda ta fito a 2002, hanyarta daban ce: tana kan wasu ƙa'idoji biyu, eDonkey da Kad.

Muhimmancin wannan buɗewar ya fito fili tun farko. Napster, manhajar musayar waƙoƙi ta 1999, tana ajiye jerin fayilolin kowa a kan kwamfutocin kamfaninta, don haka da kotun Amurka ta matsa mata a 2001, komai ya tsaya cak. Kazaa ta zo da FastTrack, ƙa'idar da masu ita suka rufe. A Fabrairun 2002 aka sauya tsarin, masu amfani da wata manhaja mai suna Morpheus suka wayi gari an kulle su a waje, duk da cewa hanya ɗaya suke bi da masu Kazaa, kuma ba su da wurin kai ƙara. Ƙa'idar Gnutella kuwa akasin haka ta faru da ita. Nullsoft ta sake ta a Maris na 2000, AOL da ta mallaki kamfanin ta janye ta nan take, amma masu shirya manhaja suka gano yadda take aiki suka gina nasu. Ko da kotu ta rufe LimeWire, ɗaya daga cikin manhajojin da ke kanta, a 2010, ba ta rufe Gnutella ba, domin ba ta da mai ita guda da za a kama.

To mu zo kan µTorrent da qBittorrent. Wajen sauri kada wani ya ruɗe ka, bambancinsu kaɗan ne. Abin da ke kawo sauri shi ne yawan mutanen da ke riƙe da cikakken fayil suna rabawa, da ƙarfin layinka. Bambancin yana wajen amana. Ludvig Strigeus ya rubuta µTorrent a 2005, ƙarama ce mara nauyi, kamfanin BitTorrent ya saye ta a 2006. Lambobinta, wato rubutun da aka gina ta da shi, a rufe suke, ta kyauta tana ɗauke da tallace-tallace, kuma a 2015 an yi ta ƙorafi kan wata manhajar haƙar kuɗin kirifto mai suna Epic Scale da ke biyo ta wajen sakawa. A 2018 kamfanin ya koma hannun Justin Sun, wanda ya kafa tsarin kuɗin kirifto na Tron. qBittorrent, wadda Christophe Dumez ya fara a 2006, lambobinta a buɗe suke, babu talla, tana aiki a Windows da macOS da Linux, kuma tana ba ka damar ƙayyade saurin saukewa da na turawa yadda kake so. Transmission ma buɗaɗɗiya ce, ta dace da tsohuwar kwamfuta mara ƙarfi.

Duk da haka a ba µTorrent haƙƙinta. Ta hanyarta tsarin uTP ya yaɗu, wanda ke sa saukewa ta ja baya idan wani a gidan yana buƙatar layin, misali yana kiran bidiyo. Kamfanin ya wallafa tsarin a fili, qBittorrent da Transmission suka ɗauka. Wannan shi ne amfanin ƙa'idar da ba ta mutum ɗaya ba.

Batun adalci shi ya fi damuna. BitTorrent kamar adashe take, sai an zuba ake kwasa. Ana yanka fayil gutsure-gutsure, kowane gutsure da hatiminsa na tantancewa, kana karɓa kana kuma miƙa wa wasu abin da ka riga ka samu. Kowane daƙiƙa 10 manhajarka tana duba waɗanda suka fi ba ta, ta fifita su. Kowane daƙiƙa 30 kuma tana buɗe wa wani ƙofa ko da bai ba ta komai ba, don sabon shiga ya samu abin farawa. Wannan sassaucin shi wasu suke ci da gumin jama'a. Masu bincike a Zurich sun gina BitThief a 2006 don su nuna ana iya saukewa ba tare da tura ko gutsure ɗaya ba. Xunlei ta China ta yi ƙaurin suna wajen kwasa ba zubi, har masu rabawa da yawa suke toshe ta. eMule ta fi tsanani: tana tuna wanda ya taɓa ba ka, ta matsar da shi gaba a layi. Tsari ne mai kyau, sai dai jiran yana da tsawo, kuma masu Ubuntu da Kiwix ta hanyar BitTorrent suke raba nasu, don haka ba ita ce ta buƙatarka ba.

Mu nan akwai abin lura: turawa ma tana cin data kamar saukewa. Idan datar waya kake amfani da ita, rage saurin turawa. Idan ka samu waifai mara iyaka, bar fayil ɗin har ka mayar da gwargwadon abin da ka karɓa, qBittorrent tana da wurin da za ka saita ta tsaya da kanta idan an kai hakan. Ka kuma sani duk wanda kuke musayar fayil ɗaya da shi yana ganin adireshin intanet ɗinka. Fina-finan Kannywood da littattafan da masu su ba su yarda a raba ba, haƙƙin mutane ne, buɗewar ƙa'ida ba ta halatta su ba.

Wajen saukar da qBittorrent ka je shafinta na asali, LibreTorrent kuma tana F-Droid, kantin buɗaɗɗun manhajojin Android. Masu qBittorrent ba su fitar da ta waya ba, don haka duk wadda ka gani da sunan a kantin manhajojin waya, ba daga gare su take ba.