Zanen mutanen Rum a bangon falo: abin da na gani a Napoli

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da Anti da yara da su Baba. Ka ce in duba maka kayan adon bangon da ake yayi a nan, ko akwai wanda zai karɓu a shagonka, tunda kowa a layinku walfefa iri ɗaya yake sayarwa. To, wata takwas ke nan ina bin maigidana aikin fenti gida-gida a Napoli ta ƙasar Italiya, na ga abin da zan iya ba ka labari.

Abin da masu hali suka fi so shi ne kwafin zanen bangon mutanen Rum na dā. Tushensa Pompeii ne, garin da dutsen Vesuvius ya yi aman wuta ya binne da toka a shekara ta 79 Miladiyya. Daga nan jirgin ƙasa ba ya cin awa guda. Tun 1748 ake tonon garin, har yanzu ba a gama ba. Ko a 2024 an fito da wani ɗakin cin abinci mai baƙin bango da zanen Helen da Paris, waɗanda almararsu ta ce a kansu aka yi yaƙin Troy. Na je ranar Lahadin farkon wata, lokacin shiga kyauta ne, na shiga Gidan Vettii, wanda aka sake buɗewa a Janairun 2023 bayan kusan shekara ashirin ana gyara. An ce masu gidan 'yantattun bayi ne biyu da suka yi arziki. A ɗaki guda ga Herkul, gwarzon almararsu, yana jariri ya shaƙe macizai biyu da hannunsa, iyaye sun yi cirko-cirko. A wani ɗakin kuma an ja baƙin layi a kan jan bango, a ciki wasu 'yan yara masu fukafukai suna sana'a, wannan na ƙera zinariya, wancan na haɗa turare. Yaya, kusan shekara dubu biyu, amma jan nan kamar bara aka shafa.

Sirrin yana cikin yaɓen. Mutanen Rum ba sa jiran bango ya bushe kamar yadda muke yi bayan filasta. Farar ƙasa da yashi suke shafawa hawa-hawa, na ƙarshe da garin marmara, sai mai zane ya sa launi tun da danshi. In farar ƙasar ta sha iska ta daskare, launin ya zama jikin bango ke nan, ba ɓawon da zai saɓule ba. Shi ya sa iya inda za a zana a yini kaɗai ake shafawa. Sai na tuna magina na gidan Kaka da suke fitar da dagi a jikin yaɓe tun yana ɗanye, kafin a bi da makuba.

A kasuwa kala uku ne. Na ƙasa hoto ne aka buga a ƙyalle aka ɗaure a firam, shi masu yawon buɗe ido ke saye; wanda ya fi fita shi ne na wata mace a koren fili tana tsinkar fure, ta ba da baya, asalinsa daga Stabiae, wani tsohon gari kusa da Pompeii, yanzu yana gidan tarihin Napoli. Na tsakiya walfefa ce, amma ba ta nannaɗe a kanti ba: ka ba da tsawo da faɗin bangonka, su buga daidai shi, su aiko maka da ɗan yanki ka gani a hasken ɗakinka kafin ka biya sauran, kowane falle da lambarsa. Wannan tsarin ya burge ni fiye da kayan. A gida ka sayi nadi shida, a tsakiyar aiki ka ga na shidan launinsa daban, mai kanti ya ce haka ya zo. Kada ka ɗauka nan babu algus: wata mata ta yi odar mai araha ta intanet, muka liƙa, da ka matso fuskar allahiyar da ke cikin zanen duk ɗigo-ɗigo ce, ga danshin tsofaffin gidajen Napoli, kafin sanyi ya wuce gefen ya fara ɗagowa.

Na sama shi ne na hannu. Mai zane ya yi a ɗanyen yaɓe a shagonsa, ya manna ƙyalle da gam, ya ɓanɓaro fatar zanen, ya mayar da ita kan wani ƙyallen. Har tsagewar tsufa suke sa masa da gangan. Kuɗin babba guda ya fi abin da nake samu a wata. Na ainihin kuwa mallakar gwamnati ne, duk wanda ya ce zai sayar maka ɓarawo ne ko ɗan damfara. Har akwai masu satar ɓarɓashi a Pompeii su dawo da shi ta gidan waya, wai ya jawo musu tsiya.

Shawarata, kada mu kawo masu hoton mutane. Alloli ne na maguzawan Rum, yawanci tsirara, ban ga magidancin Zariya da zai sa wannan a falon da yake salla da baƙi ba. Su nan tarihi da gata suke gani a ciki. Amma akwai ɓangaren da babu mai rai: bangon da aka raba gida-gida kamar an jera marmara, da zanen ginshiƙai da ƙofofi da ke sa ƙaramin ɗaki ya yi kamar ya buɗe, da shi kansa jan da suke kira jan Pompeii, da baƙin layi a ƙasa da ruwan ɗorawa a gefe. Wannan ba sai an biya kwastam ba, yaranka za su iya da fenti da igiyar awo, kuma zai zauna da POP ɗin da kake yi.

Zan turo maka hotuna da katin launi ta hannun mai zuwa gida bayan Salla. Kai kuma ka ɗauko min hoton ƙofar fadar Sarkin Zazzau da safe, daga kusa yadda tudun zanen zai fito. Na nuna wa maigidana wani a waya, ya ƙura ido ya tambaye ni ko akwai mai buga irinsa a walfefa, na ce ban taɓa gani ba. A gaida Baba, ka ce masa maganin gwiwar yana cikin saƙon.